Tambayoyi da Amsoshi Kan Finafinan Ban Tsoro da Na Leƙen Asiri da Muka Kalla a Agege

Mu goma sha ɗaya ne muke haɗuwa kowane daren Asabar, bayan sallar isha'i, a shagon wani tela da ke Agege, inda ake ture kekunan ɗinki gefe, a shimfiɗa tabarma, a kunna talabijin. A cikinmu akwai mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, da ɗan canji, da ma'aikacin jinya, da ɗalibai biyu na Jami'ar Legas, da kuma wani dattijo Bakatsine wanda ya haura shekara arba'in a wannan gari, wanda dukkanmu muke kira Baba. Watanni biyar ke nan ba mu kallon komai sai finafinan ban tsoro da na leƙen asiri, kuma da yake ni ne nake rubuta abin da kowa ya faɗa bayan an tashi daga kallo, tambayoyin 'yan'uwa da abokan arziki duk sun dawo kaina. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su a nan. Hukuncin da ke ciki nawa ne, amma duk inda majalisa ta saɓa mini zan faɗa.

Me ya haɗa fim ɗin aljanu da fim ɗin 'yan leƙen asiri har kuke kallonsu tare?

Ba da niyya muka haɗa su ba. Baba ya ce shi ba zai zauna yana kallon ana fille kawunan mutane ba, matasanmu kuma suka ce ba za su ɓata daren Asabar wajen kallon tsofaffin Turawa suna shan shayi a ofis ba, sai aka raba kwana kamar gidan mai mata biyu, mako guda na tsoro, mako guda na leƙen asiri. Sai da tafiya ta yi nisa sannan na lura cewa a akushi ɗaya suke cin tuwo. Kowannensu yana gina labarinsa ne a kan wani ɓoyayyen abu da ya riga ya shigo gida, mutanen gidan ba su sani ba, ko kuwa sun sani suna kawar da kai. A wannan ana kiransa aljani ko fatalwa, a wancan kuma abokin aiki ne da yake sayar da sirrin hukuma, amma faɗuwar gaban da mai kallo yake ji iri ɗaya ce. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari, kuma da wannan mudun nake auna duk finafinan da zan ambata. Wanda haɗarinsa ya fito daga na jiki yakan daɗe a rai, wanda kuwa ya dogara da ƙara da jini da fashewar motoci, kafin mutum ya kai ƙofar gidansa ya manta da shi.

Cikin sababbin finafinan ban tsoro, wanne ya fi burge ku?

*Sinners* na Ryan Coogler, wanda ya fito a 2025. Labarin ya faru ne a jihar Misisifi ta Amurka a 1932, zamanin da dokokin wariyar launin fata suke ganiyarsu, inda wasu tagwaye baƙar fata, waɗanda Michael B. Jordan ya fito a matsayinsu su duka biyun, suka dawo garinsu da kuɗi a hannu, suka sayi tsohon wurin yanka katako domin su mai da shi gidan kiɗa da rawa. A daren buɗe wurin ne waƙar wani ɗan'uwansu matashi ta jawo masu shan jini.

Abin da ya ɗaga darajar fim ɗin a wurina ƙa'ida ce guda ɗaya: mai shan jini ba ya iya ƙetare bakin ƙofa sai wani na ciki ya ce masa ya shigo. Saboda haka ba ka ganinsu suna fasa taga. Tsayawa suke yi a waje cikin ladabi, da kayan kiɗansu, suna roƙon izini da tattausar murya. Da muka zo wannan wuri Baba ya yi dariya ya ce, "Ashe su ma sai sun yi sallama an amsa." Dariyar ba ta daɗe ba, domin can gaba kaɗan mai tsaron ƙofar, wanda ya fita waje na ɗan lokaci, ya dawo da fuskarsa da muryarsa yadda aka san su, ya tsaya a bakin ƙofar da yake ta shige da fice a cikinta tun yamma, yana jira a gayyace shi. Matar da ta fara gane cewa da walakin ita ce Annie, wadda Wunmi Mosaku ta fito a matsayinta, kuma ga mai son sani, a Zariya aka haifi wannan jaruma kafin iyayenta su koma Ingila da ita tana ƙarama.

Ɗalibanmu biyu sun yi ƙorafin cewa kusan awa guda ta wuce ba su ga abin tsoro ba. Ni kuwa ina ganin wannan awar ce jarin fim ɗin, domin sai ka san mutum, ka san bashin da ake binsa da wadda yake so, sannan za ka damu idan an cije shi. Nawa ƙorafin a kan faɗan ƙarshe yake, lokacin da ƙofar ta buɗe kowa ya ɗauki makami, domin daga nan ya koma irin abin da muka saba gani.

To wanne ne ya hana ku barci?

*His House*, fim ɗin Birtaniya na 2020 wanda Remi Weekes ya ba da umarninsa. Mata da miji ne daga Sudan ta Kudu suka gudo wa yaƙi, suka ƙetare teku a kwalekwale, yarinyar da ke tare da su ta halaka a ruwa, aka ba su wani gida mai ɓawon fenti a bayan gari, bisa sharaɗin ba za su yi aiki ba, kuma ba za su bar gidan ba har hukuma ta yanke hukunci kan neman mafakarsu. Daga nan sai muryoyi suka fara fitowa daga cikin bango. A yawancin finafinan gidan aljanu mai kallo yakan ce, don me ba za su kwashe kayansu su tashi ba? A nan an toshe wannan ƙofa tun farko, domin idan suka tashi za a mayar da su inda suka gudo.

Matar ta gaya wa mijin cewa maye ne ya biyo su daga teku saboda akwai bashin da ba su biya ba, shi kuwa mijin ya dage sai sun zama kamar Turawa, har yana hana ta magana da harshensu, yana tilasta mata cin abinci da cokali mai yatsu. Ba zan fasa ƙwan abin da bashin yake nufi ba, amma ranar da aka bayyana shi, shagon ya yi tsit har muna jin ƙarar janareton maƙwabta. Duk wanda ya baro garinsu ya zo Legas neman abinci, ya bar wani abu a baya da ba ya son a tuna masa, zai ji wannan fim a jikinsa. Ɗan canjinmu, wanda ba a taɓa jin ya yabi fim ba, ya ce wannan kam ya taɓa shi, kuma ya nemi a raka shi bakin titi.

Finafinan aljanu na Turkiyya da Indonesiya fa, sun yi daidai da abin da addini ya faɗa?

Hukuncin kallonsu na malamai ne, a je a tambaye su. Abin da zan iya magana a kansa shi ne dalilin da ya sa suka fi finafinan Amurka razana mu, da kuma inda suke zarce gona da iri. Idan Bahaushe Musulmi yana kallon *The Exorcist* na 1973 ko *The Conjuring* na 2013, yana ganin limamin coci da gicciye da ruwan tsarki, akwai tazara tsakaninsa da abin, kamar mai kallon gobara daga wata unguwa. Amma idan ya kunna *Siccin*, fim ɗin Turkiyya na 2014, sai ya ji ayoyin da yake karantawa a sallah, ya ga matan da suka yi lulluɓi irin na gidansu, ya kuma ga labarin da ya sha ji tun yana yaro: mace ta kamu da son ɗan'uwanta mai aure, ta tafi wurin boka domin a raba shi da matarsa, abin ya fi ƙarfin wadda ta aika da wanda aka aika. Sunan fim ɗin ma daga kalmar Sijjin ta cikin Suratul Muɗaffifin aka ɗauko shi, kamar yadda jerin finafinan *Dabbe*, da suka fara fitowa a 2006, suka ari sunansu daga dabbar da Suratun Namli ta ambata cikin alamomin tashin ƙiyama.

Inda nake da ja da su wurare biyu ne. Na farko, Alƙur'ani ya gaya mana a Suratul A'araf cewa Shaiɗan da rundunarsa suna ganinmu ta inda ba mu ganinsu, saboda haka duk wata fuska mai baƙin baki da fararen idanu da ka gani a allo, ƙirƙirar mai kwalliya ce kawai. Na biyu, sukan nuna aljani kamar ya san komai, har abin da zai faru gobe, alhali Suratu Saba'i ta ba da labarin yadda aljanu suka ci gaba da aikin wahala ba su san Annabi Sulaiman ya rasu ba, sai da gara ta ci sandarsa ya faɗi. Ta fuskar sana'ar fim kuma, yawancinsu ba su da haƙuri. Kowane minti biyar sai an yi kururuwa, kyamara tana ta rawa, har kunne ya saba ya daina razana. Wanda na fi girmamawa a wannan layin shi ne *Under the Shadow* na 2016, labarin uwa da 'yarta a wani bene a birnin Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, inda maƙwabta suke ta gudu ɗaya bayan ɗaya saboda makamai masu linzami, har ya zama ba ka iya rarrabe tsoron aljani da tsoron bam.

Me ya sa kuka koma kan tsofaffin finafinan Najeriya alhali hotonsu ba shi da kyau?

Baba ne ya matsa, kuma ya yi gaskiya. Mun kalli *Living in Bondage* na 1992, wanda Kenneth Nnebue ya shirya da harshen Ibo a kaset ɗin bidiyo, fim ɗin da ake yawan cewa shi ne ya buɗe kasuwar finafinan kudu. Hoton ya dushe, sautin yana shiga yana fita, amma ƙashin bayan labarin bai tsufa ba. Andy ya gaji da talauci, ya shiga ƙungiyar asiri, aka ce ya kawo wanda ya fi so a duniya, ya kai matarsa Merit, ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat har ya haukace. A nan mugun ba daga daji ya fito ba, mijin da take dafa wa abinci ne. Mun bi shi da ci gaban labarin da Ramsey Nouah ya ba da umarni a 2019, mai kyawun hoto da manyan motoci da gidajen alfarma, sai dai ni na ga kyawun ya yi yawa, har ya kusa sa matashi ya yi sha'awar abin da ake gargaɗinsa a kai.

Tushen irin waɗannan finafinai a ƙasar Yarabawa ya girmi bidiyo, domin tun a 1979 Hubert Ogunde ya yi *Aiye* a kan mayu. Cikin na baya-baya kuwa, *The Figurine* na Kunle Afolayan, na 2009, ya fi kowanne wayo a ganina, saboda ya ba ka gunkin da aka ce yana kawo shekara bakwai na arziki da shekara bakwai na masifa, sannan ya bar ka kana gardama da kanka ko gunkin ne ya yi aiki ko kuwa hassadar aboki. Mun yi awa guda muna musu a kansa, mai tumatir yana cewa gunki ne, ma'aikacin jinya yana cewa mutum ne.

Ina finafinan Hausa a wannan fage?

Kayan aiki kam muna da su fiye da kowa: maita da kamun kurwa, iskokin bori da birninsu na Jangare, tsamiya da kukar da ake hana yara zuwa da tsakar rana, dannau, kambun baka, sammu tsakanin kishiyoyi. Abin da na fi gani a finafinanmu kuwa shi ne boka a cikin kogo, da jan ƙyalle da ƙwarya, yana babbaka dariya, wanda yara ma dariya suke yi masa. Matsalar a wurina ba ta kuɗi ba ce kamar yadda ake yawan faɗa, domin tsoro ba ya bukatar tsada. Abin da yake bukata shi ne sauti mai kyau, da iya amfani da duhu, da haƙurin barin kyamara a wuri ɗaya har zuciyar mai kallo ta fara bugawa. Soro mai duhu da fitilar ƙwai da amaryar da take jin ana kiran sunanta da muryar mahaifiyarta da ta rasu sun isa a yi fim.

James Bond ɗan leƙen asiri ne na gaske, ko kuwa tatsuniya ce?

Tatsuniya ce mai daɗi. Ian Fleming, wanda ya ƙirƙire shi a littafin 1953, ya yi aiki da sashen leƙen asiri na sojojin ruwan Birtaniya a yaƙin duniya na biyu, amma mutumin da yake shiga otal ya faɗi sunansa na gaskiya, ya fasa mota uku kafin azahar, ba zai yi mako guda a wannan aiki ba. Tun daga *Dr. No* na 1962 har zuwa *No Time to Die* na 2021, wanda Daniel Craig ya yi sallama da shi, abin da ake sayar maka shi ne kwat da agogo da tafiye-tafiye. Wanda na fi so a cikinsu shi ne *Skyfall* na 2012, kuma dalilin bai wuce cewa bos ɗin tsohon ɗan gida ba ne, jami'in da hukumar ta sadaukar da shi ya dawo ɗaukar fansa.

Mai son ganin abin da ya fi kusa da gaskiya ya nemi *Tinker Tailor Soldier Spy* na 2011. Marubucin littafin da aka ɗauko labarin fim ɗin daga ciki, John le Carré, ya yi aiki a hukumomin leƙen asirin Birtaniya na ciki da na waje, kuma ya rayu a zamanin Kim Philby, babban jami'in da ya shafe shekaru yana yi wa Tarayyar Sobiyet aiki kafin ya tsere daga Beirut zuwa Mosko a 1963. A fim ɗin, Gary Oldman ya fito a matsayin George Smiley, tsoho mai tabarau wanda aka kora daga aiki, aka sake kiransa a ɓoye domin ya gano wane ne maci amana cikin manyan hukumar. Makaminsa tsofaffin fayiloli ne, da littafin masu kwanan aiki wanda aka yage masa shafi guda, da kuma iya yin shiru har wanda yake gabansa ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Gaskiya ita ce mutum huɗu sun yi barci a majalisarmu a wannan dare. Baba kuwa bai ƙifta ido ba, kuma ya ce duk wanda ya taɓa zama a kwamitin kasuwa ya san irin wannan shirun.

Tsakanin *Black Bag* da sabon *Mission: Impossible*, wanne za ku ba mutum shawara ya kalla?

Duka a 2025 suka fito, kuma a nan ne majalisa ta rabu gida biyu. *The Final Reckoning*, na takwas a jerin finafinan *Mission: Impossible* na Tom Cruise, ya kusa awa uku, kuma abokin gabar wata ƙirƙirarriyar basira ce ta kwamfuta da take neman mallake makaman nukiliyar duniya. Wurare biyu a cikinsa sun cancanci a jinjina musu, wato nutson da ya yi cikin jirgin ruwan yaƙin da ya nitse a ƙarƙashin teku, da kuma inda yake reto a fukafukin ƙaramin jirgin sama. Sauran kuwa bayani ne a kan bayani, mutane suna tsaye suna gaya wa juna cewa duniya za ta tashi. Abokin gabar da ba shi da fuska, bai taɓa cin abinci da kai ba, ba ya iya cin amanarka, saboda haka ban ji komai a kansa ba.

*Black Bag* na Steven Soderbergh bai fi awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna ba. An ba wani jami'i, wanda Michael Fassbender ya fito a matsayinsa, sunayen mutum biyar da ake zargin ɗayansu yana fitar da sirri, kuma cikin biyar ɗin har da matarsa, wadda ita ma jami'a ce, Cate Blanchett kuma ta fito a matsayinta. Sai ya gayyaci sauran huɗun cin abincin dare a gidansa, ya zuba wa miyar maganin da zai saki harshe, ya zauna yana saurare. Wannan zaman cin abincin ya fi mini duk fashe-fashen wancan. Matasanmu ba su yarda ba, sun zaɓi Tom Cruise da babban rinjaye, mu uku kacal muka tsaya a ɗaya ɓangaren.

Finafinan leƙen asiri na Indiya fa, musamman waɗanda aka fassara da Hausa?

*Pathaan* na Shah Rukh Khan, na 2023, da jerin finafinan *Tiger* na Salman Khan da suka fara a 2012, biki ne kawai, a yi faɗa a saman jirgin ƙasa, a yi rawa a bakin teku, a koma faɗa. Fassarar Hausa tana ƙara musu gishiri, domin masu fassarar sukan sa wa bos baƙar magana irin ta 'yan tasha, kuma babu laifi a hakan. Amma akwai fim ɗin da ban so a kalla da irin wannan barkwanci ba, wato *Raazi* na 2018 wanda Meghna Gulzar ta ba da umarni. Alia Bhatt ta fito a matsayin ɗaliba 'yar Kashmir da mahaifinta ya aurar da ita ga ɗan wani babban sojan Pakistan gab da yaƙin 1971, domin ta riƙa turo wa Indiya labari. Abin da ya sa fim ɗin yake da ciwo shi ne mijin mutumin kirki ne, dangin mijin kuma sun riƙe ta da mutunci, saboda haka duk sirrin da ta sata, daga hannun wanda ya kyautata mata ta sace shi. A wannan karon mai kallo yana tare da macijin da ke cikin ɗaka, yana yi masa addu'ar kada a kama shi, yana kuma jin kunyar addu'ar.

Wata uwa daga Idi-Araba ta tambaya: yarana suna kallon finafinan tsoro a waya, in hana su?

Hajiya, shawarata ita ce ki fara da duba lambar shekarun da aka sa wa fim ɗin. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa lambobi irin su 12 da 15 da 18, manhajojin kallo ma suna sa nasu, kuma kusan duk finafinan tsoron da na ambata a sama ba na yara ba ne. Matsalar ita ce fim ɗin da aka tura wa yaro a shagon masu turi ba ya zuwa da wata lamba. Mu ma an tsorata mu muna yara da Dodo, amma tsoron tatsuniya yana da kaka a gefe, wadda take ganin idonka, ta san inda za ta sassauta, ta ce ƙurunƙus a tashi. Yaron da yake ƙarƙashin bargo da waya da abin sauraro a kunne ba shi da kowa. Ma'aikacin jinyarmu ya ƙara da cewa rashin isasshen barci yana cikin abubuwan da suke jawo dannau, wato mutum ya farka amma jikinsa bai saki ba tukuna, kuma yaron da ya kwana yana kallon fatalwa, fatalwar zai gani a wannan hali. Idan ya kai shekarun kallo, ki sa ya kalla a falo tare da yayyensa.

A sinima ya fi, ko a gida?

Fim ɗin tsoro a sinima ya fi, saboda rabin tsoron a sauti yake, kuma 'yan kallon Legas da suke yi wa jaruma ihu kada ta buɗe ƙofa su ma wani nishaɗin ne. Mun je Ikeja sau biyu saboda haka. Fim ɗin leƙen asiri mai sarƙaƙiya kuwa a gida ya fi, inda za a tsayar a koma baya a tambayi na kusa wane ne wannan. Kallon ko wanne a waya cikin danfo asarar data ce.

Shin muna da labarin leƙen asiri namu da ya isa a yi fim da shi?

Muna da shi tun daga littattafan sira. A yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, an aiki Huzaifa ɗan Yaman cikin dare mai sanyi da iska ya shiga sansanin Ƙuraishawa ya jiyo labari. Da Abu Sufyan ya ce kowa ya duba wanda yake zaune kusa da shi, sai Huzaifa ya riga na kusa da shi, ya kama hannunsa ya tambaye shi ko shi wane ne. Babu wata dabara a finafinan da muka kalla da ta fi wannan.

A nan Legas ma tarihin yana nan a ajiye. Ranar 13 ga Fabrairu, 1976 aka harbe Janar Murtala Muhammed a Ikoyi yana kan hanyarsa ta zuwa barikin Dodan, motar da aka kashe shi a ciki tana gidan tarihi na Onikan da ramukan harsasai a jikinta, kuma bayan wannan kisa ne aka kafa hukumar tsaro ta NSO, wadda gwamnatin Babangida ta raba gida uku a 1986. Fim ɗin *'76* na Izu Ojukwu ya taɓa wannan zamani ta idon wani hafsan soja da matarsa mai juna biyu, kuma ya cancanci kallo. Ya fi mana mutunci nesa ba kusa ba a kan Legas ɗin da aka nuna a farkon *Captain America: Civil War*, wadda a birnin Atlanta aka gina ta, shi ya sa duk wanda ya san Oshodi yake dariya idan ya gan ta.

Da ni darakta ne kuwa, labarin Alhaji Umaru Dikko zan ɗauka. Shi ne ministan sufuri a gwamnatin Shehu Shagari, ya koma Landan bayan juyin mulkin ƙarshen 1983, kuma ranar 5 ga Yuli, 1984 aka sace shi a ƙofar gidansa. Sakatariyarsa ta hango abin da ya faru ta kira 'yan sanda. An yi masa allurar barci, aka saka shi a akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila da zai kula da numfashinsa, aka kai filin jirgin sama na Stansted, inda jirgin dakon kaya yake jira ya taso zuwa Legas. Akwatin ba shi da cikakkiyar shaidar da dokar jakar diflomasiyya ta tanada, wannan ne ya ba jami'an kwastam damar buɗe shi. Kotun Birtaniya ta ɗaure 'yan Isra'ila uku da ɗan Najeriya ɗaya, gwamnatocin Najeriya da Isra'ila ba su amsa cewa da hannunsu ba, dangantakar Najeriya da Birtaniya kuma ta yi tsami har kusan shekara biyu. Ɗalibanmu sun ce su da ƙofar gidan za su fara fim ɗin, da ihu da ƙarar tayar mota. Ni kuwa a cikin akwatin zan ajiye kyamara, tare da likitan, yana zaune a duhu yana ƙirga numfashin mutumin da bai sani ba, yana jin takun jami'an kwastam suna zagaya katakon. Baba ya saurare mu duka, sannan ya ce shi a ranar yana Obalende, a rediyon mai shayi ya ji labarin, kuma daga teburin mai shayin ya kamata a fara.